Kujerar da Muke Bayarwa Gyara

Ranar Asabar, 18 ga Maris na 2023, ina cikin layi a rumfar zaɓenmu da ke wata makarantar firamare a Mabera. Hantsi bai gama dubar ludayi ba amma zafin bazara ya riga ya fara nuna halinsa. A gabana akwai wani dattijo mai sayar da goro da na sani tun ina yaro. Wani matashi, ejan ɗin wata jam'iyya, ya bi layi yana raɗa wa mutane cewa takarda biyu za a ba kowa, a tabbata an dangwala duka biyun wuri ɗaya. Dattijon ya waiwayo ya dube ni.

"Malam, wagga ta biyu ta wa ta?"

"Ta ɗan majalisa ta, Baba."

"Wane ɗan majalisa kuma? Ba mun gama da su ba tun wancan zaɓen da anka yi?"

Na ce masa waɗancan na Abuja ne, wannan kuwa na nan gida ne, mai zama majalisar jiha. Ya ce to wa da wa ka takara? A nan ne na ji kunya ta rufe ni. Ni da ake kira Malam, ni da nake karantar da yara tsarin mulki a aji, sunan ɗan takara ɗaya kawai na iya kawowa, shi ma don fostarsa na manne a bangon da ke kallon ƙofar gidana. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "To, Allah shi ba mai rabo." Muka shiga, muka dangwala, muka fito.

In ka je Tsohuwar Kasuwa ka auni gero, mai awo yakan ɗebo ɗan hannu ya ƙara maka. Ba wanda ke tsayawa duba ko akwai tsakuwa a cikin gyara, tunda ba ita aka zo saye ba. To haka muka mayar da ƙuri'ar ɗan majalisar jiha a Sakkwato. Gwamna muke zuwa saye, ɗan majalisa kuwa a kansa ake ɗora mana shi. Ni kuwa ina ganin a duk takardun da ake miƙo mana a shekarar zaɓe, wannan ce muka fi yin asara da muka wulaƙanta ta, kuma ita ce ta fi sauƙin gyarawa in mun so.

Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato kujera 30 gare ta, a ƙananan hukumomi 23. Bakwai daga cikinsu kujera bibbiyu suke da ita: Boɗinga, Gada, Gwadabawa, Sabon Birni, Tambuwal, Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu. Sauran goma sha shida ɗaya-ɗaya. (Wamakko, duk da yadda birni ya malala cikinta ta wajen Arkilla da Kalambaina, har yau kujera ɗaya ce, daidai da Tureta. Wannan ma magana ce ta wata rana.) Tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha kada ta gaza mutum 24, kada ta haura 40, kuma zaure ɗaya ne tak. Da can ba haka abin yake ba. Zamanin Jihar Arewa, a Kaduna, zaure biyu ne: ga Majalisar Wakilai inda Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ke zaune a matsayin Firimiya, ga kuma Majalisar Sarakuna inda su Sarkin Musulmi Abubakar na Uku suke. Juyin mulkin Janairun 1966 ya share duka biyun, kuma da farar hula suka dawo a 1979, zaure ɗaya aka bar wa kowace jiha. A Abuja in Majalisar Wakilai ta yi gaggawa, akwai ta Dattawa da za ta iya taka mata birki. A Amurka ma kowace jiha zaure biyu gare ta, in ka cire Nebraska. Mu a nan, abin da mutum talatin ɗin nan suka zartar, daga su sai teburin gwamna.

Talatin ɗin ma faɗi ne kawai. Doka ta ce kashi ɗaya cikin uku in suka hallara zama ya halatta, wato mutum goma. A cikin goman nan in shida suka ce sun yarda, ƙuduri ya wuce. Mutum shida, waɗanda ba su cika Hiace ɗaya ba, suna iya yin dokar da za ta hau kan kowa daga Illela zuwa Kebbe. In ka ƙara da cewa yawancinmu ba mu san sunan ko guda daga cikin shidan ba, sai ka ga inda muka ajiye kanmu.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ɗan majalisa shi ne tona rijiyar burtsatse da raba babura. Babban aikinsa dai tsare lalita ne. Gwamna ba shi da ikon taɓa sisin kwabo daga asusun jiha sai majalisa ta amince da kasafin kuɗi. In zai ci bashi, gabansu yake kai buƙata. In ya zaɓi kwamishinoni, su ke tantance su. Babban mai binciken kuɗi na jiha gare su yake miƙa rahotonsa, kuma suna da ikon kiran kowane kwamishina ko babban sakatare ya zo ya yi bayanin inda kuɗin makarantu ko na asibitoci suka shiga. In gwamna ya ƙi sa hannu a kan doka har kwana 30, mutum ashirin suna iya tsallake shi su tabbatar da ita. Mutum goma suna iya fara yunƙurin tsige shi, ashirin su kammala bayan kwamitin mutum bakwai da babban alƙalin jiha zai naɗa ya same shi da laifi. Ko a gyara tsarin mulkin Najeriya gaba ɗaya, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun ce sun yarda. Wannan ikon duka yana rubuce, kuma shi muke miƙa wa mutumin da muka tsinta kamar tumun dare.

Kada wani ya ce ai a takarda kawai abin yake. Sau biyu a wannan jamhuriyar kakakin majalisa ya kwana a kujerar gwamnan Sakkwato. A watan Afrilun 2008, da kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen Aliyu Magatakarda Wamakko, Abdullahi Balarabe Salame ne ya riƙe jihar har aka sake zaɓe. A Janairun 2012, da Kotun Ƙoli ta ce wa'adin gwamnoni biyar ya ƙare, ciki har da namu, Lawali Zayyana ne ya riƙe. Dukansu biyu da ƙuri'ar mazaɓa ɗaya suka shiga majalisa, irin takardar nan ta biyu da Baba mai goro ya tambaye ni ta wa ce.

Wanda bai gamsu da wannan ba, ya tuna tsakiyar 2024. Gwamnati ta aika wa majalisa ƙudurin gyaran dokar ƙananan hukumomi, wanda a ciki aka fayyace cewa naɗin uwayen ƙasa da hakimai na hannun gwamna, majalisar Sarkin Musulmi shawara take bayarwa. Gari ya ɗauki zafi. Wasu suka ce ana neman rage wa fada daraja ne, har aka riƙa tuno abin da ya faru da Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996. Gwamnati ta ce ba komai ba ne illa daidaita doka da abin da dama ake yi. Maganar ta kai har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki. Ban zo nan don in raba wannan gardama ba, kowa da hujjarsa. Abin da ya tsaya mini shi ne, a makonnin nan kaɗai na ga Sakkwatawa suna tambayar juna, "Wai wane ne namu a majalisa? Mi ya ce?" Mutanen da suka dangwala masa wata goma sha biyar kafin nan, sai ran nan suka tashi neman sunansa. Ƙudurin ya wuce, gwamna ya sa hannu a watan Yuli. A Kano ma haka aka yi: majalisa ce ta yanka masarauta gida biyar a 2019 cikin 'yan kwanaki, wata majalisar kuma ta dawo da ita ɗaya a 2024, ita ma cikin 'yan kwanaki. Sarautar da ta shekara ɗaruruwa, hannun 'yan majalisar jiha ta koma, su kuwa hannun wa suke?

Amsar tana cikin abin da ya faru a farkon Agustan 2018. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya bar APC ya koma PDP, 'yan majalisa 18 cikin 30 suka bi shi. Sauran 12 suka tsaya tare da Sanata Wamakko. Ban ji wanda ya koma mazaɓarsa ya tara jama'a ya ce, "Da tsintsiya kuka aiko ni, yanzu zan shiga lema, me kuka gani?" Waɗanda suka tafi sun bi uban gidansu, waɗanda suka tsaya su ma uban gidansu suka bi. Tsarin mulki ya ce wanda ya sauya sheƙa ya bar kujera sai in jam'iyyarsa ta rabe, amma a ƙasar nan ba a taɓa rasa ɓarakar da za a nuna wa alƙali ba. Na kawo wannan ne ba don in zargi ɓangare ɗaya ba. Duka jam'iyyun biyu sun ci wannan tuwon, miya ce kawai ke sauyawa.

Abin sha'awa, a 2019 Sakkwatawa sun nuna sun iya raba ƙuri'a. Tambuwal ya sha da ƙyar a kan Ahmad Aliyu na APC da ratar ƙuri'a 342 bayan zaɓen cike giɓi, amma a majalisa APC ce ta samu kujera 16, PDP 14. Ga gwamna a lema, ga rinjayen majalisa a tsintsiya. Wannan dama ce da ba kasafai jiha ke samu ba, ta a ga majalisa mai iya cewa "dakata". Me ya biyo baya? Aminu Manya Achida na Wurno, ɗan APC, ya zama kakaki da taimakon ƙuri'un 'yan PDP, daga baya kuma ya koma PDP ɗin. Rinjayen da talakawa suka gina a rumfunan zaɓe, a cikin zaure aka narkar da shi. Wannan ya koya mini cewa raba tambari kaɗai ba ya isa. In mutumin da ke bayan tambarin ba shi da ƙashin baya, ko wace riga ka sa masa zai rusuna.

Shi ya sa nake ganin ainihin zaɓen ɗan majalisa ba ranar Asabar ɗin nan ake yinsa ba. Ana yinsa wata tara ko goma kafin nan, a falon wani babba, ranar da aka ce an yi "masalaha". A zaɓukan da suka gabata, deliget ƴan kaɗan ne a kowace mazaɓa, an san gidajensu, an san bukatunsu, kuma an san wanda ya rubuta sunayensu. Mai neman kujera ya san cewa bai buƙatar yardar mutanen Gwadabawa ko na Yabo kafin ya samu tikiti, yardar mutum ɗaya yake buƙata. To ranar da wannan mutum ɗayan ya aiko da kasafin kuɗi, da wane baki zai tambaye shi? Bakin da ya ci shi ke godiya. Mu kuma da aka kawo mana shi sai mu ce "sak", kalmar da ta yi tashe zamanin guguwar Buhari, wadda ta shigar da mutane da yawa majalisu ba tare da sun taɓa tsayawa gaban jama'a sun yi jawabin minti biyar ba. Takardar ƙuri'ar ma tana taimaka wa wannan makanta, don ba suna a jikinta, ba hoto, tambarin jam'iyya ne kawai.

Har wa yau ban manta da abin da majalisun jihohi suka yi a 2010 ba. An kawo musu gyaran tsarin mulki da zai ba su 'yancin riƙe kuɗinsu da kansu, ba sai sun je gidan gwamnati da ƙoƙon bara ba. Aka kasa samun 24 da za su amince. Bawa aka miƙa wa takardar 'yanci ya ce bari ya tambayi ubangijinsa. Sai a 2018 gyaran ya shiga, shi ma aiwatar da shi ya zama jan aiki, har Shugaba Buhari ya fitar da umarni na musamman a 2020, gwamnoni suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022.

To amma in na tsaya a kan manya kawai na yi rashin adalci, don mu ma da namu. Ka je ƙofar gidan kowane onarabul da sassafe ka ga abin mamaki. Wannan matarsa ta haihu, ragon suna. Wancan takardar magani. Ga mai kuɗin jarrabawar yaro, ga mai gudunmawar aure, ga matasa da ke jiran na shayi, ga tsohuwa da ba ta ce komai ba, zama kawai ta yi. A cikin mutum hamsin da ke wurin, da wuya ka samu ɗaya da ya zo tambayar me aka ware wa asibitin garinsu a kasafin bana. Wani abokina da ya taɓa yi wa wani ɗan majalisa aiki ya ce mini maigidan nasa wayoyi uku gare shi, biyu kullum a kashe, kuma ba girman kai ba ne, tsoro ne. Mutumin da muka ɗora wa ragon suna na mazaɓa guda, albashinsa ba zai ɗauka ba. Dole ya nemi inda zai cike, kuma ƙofa ɗaya ce ke da abin cikewa. Da hannunmu muke tura shi gidan gwamnati ya durƙusa, in ya fito kuma mu kira shi ɗan amshin Shata.

Ban ce mai takardar magani ya yi laifi ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a sahun farko wajen talauci mai fuskoki da yawa, kusan mutum 91 cikin 100. Wanda ɗansa ke kwance ba ya jiran zaman kwamiti. Amma a duba lissafin da kyau. Onarabul ya ba ka dubu biyar ka sayi magani, ka gode, ka yi masa addu'a, ka riƙe masa alkawari har ranar zaɓe. Alhali da ya yi aikin da aka zaɓe shi dominsa, ya kira kwamishinan lafiya ya tsare shi da tambaya a kan kuɗin magungunan da aka rubuta a kasafi, da maganin yana asibitin tun kafin ka zo. Dubu biyar ɗin, a gaskiya, kuɗin toshe baki ne, kuma da arha aka saye mu. Wanda ya fi ba ni takaici su ne irina, masu albashi da ɗan ilimi, da mu ma in mun samu ganin ɗan majalisa takardar neman aikin ƙane muke miƙa masa.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Za a ce majalisa mai taurin kai tana iya tsayar da jiha cak. Gaskiya ne, an gani. A tsohuwar Jihar Kaduna, majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP har ta tsige shi a watan Yunin 1981, ya yi mulkinsa ba kwamishina ko ɗaya. A Ribas rikicin gwamna da majalisa ya kai ga dokar ta-ɓaci a Maris na 2025. Za a kuma ce ɗan majalisar da ke faɗa da gwamna mazaɓarsa ce ke shan wahala, ba hanya, ba taki, ba kujerar Makka. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce ba ya faruwa bai zauna ƙauye ba.

Sai dai a Ribas, rikicin na wani uban gida ne da wani, 'yan majalisa sanduna ne kawai a hannu. Wannan ai cutar da nake magana a kai ce, ta fito ta wata fuska. Kuma ni ban ce a zaɓo masu neman faɗa ba. Tsakanin mai zagin gwamna da mai lasar takalminsa akwai fili mai faɗi, inda mutum zai tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, bara mun amince da kuɗin gyaran azuzuwa a ƙaramar hukumata, na zagaya ban gani ba, kafin mu amince da na bana a nuna mana na bara." Wannan ba adawa ba ce, ko ɗan jam'iyyar gwamna zai iya faɗin haka, kuma gwamna mai hankali ya fi kowa amfana da shi, don na kusa da shi ba su gaya masa inda rufi ke yoyo. Game da batun a hana mazaɓa aiki kuwa, mutum ɗaya ake iya yi wa haka. In su goma sha ɗaya ne, gwamna ya rasa kashi biyu cikin uku, dole a zauna da su.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne gabashin jiha. Mutanen Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo da Wurno sun shekara da shekaru suna biyan harajin da ba gwamnati ta aza ba. An kai hari kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, an ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar, a Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Ta yamma maso arewa ga Lakurawa a Tangaza da Gudu. Soja da ɗan sanda na tarayya ne, na sani, ba majalisar jiha ke ba su umarni ba. Amma kuɗin da jiha ke kashewa da sunan tsaro, da dokar da ta kafa askarawan jiha, da abin da ake ware wa 'yan gudun hijirar da suka cika kangaye da gidajen 'yan uwa a cikin birni, duk ta zauren nan suke bi. Manomin da ya bar gonar albasarsa a fadamar Rima ba shi da lambar sanata, bai san hanyar Abuja ba. Ɗan majalisar jiha kuwa ya san mahaifinsa, wataƙila ma tare suka yi makarantar allo. Shi ne kaɗai mai riƙe da muƙamin doka da talaka zai iya tarewa a wajen jana'iza ya kama masa riga. In wannan ma baki gare shi amma ba na magana ba, to wa ya rage?

Ƙananan hukumomi ma haka. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, aka yi ta murna. Amma dokar da ke tafiyar da su majalisar jiha ke yi, kuma ita ke tantance shugabannin hukumar zaɓe ta jiha. A 2021 PDP ta lashe kujerun ciyaman 23 duka, a 2024 APC ta lashe 23 duka. Jihar da aka raba gwamna da ƙuri'a 342 ita ce kuma kowane lokaci jam'iyya mai mulki ke cinye komai ba ko ɓarɓashi. Ban taɓa jin majalisa ta ga wani abin tambaya a nan ba.

Wani abu da ba ya buƙatar ko kwabo: sashe na 97 na tsarin mulki ya ce majalisar jiha tana aiki da Turanci, amma tana iya ƙarawa da wani harshe da ake yi a jihar in ta zartar da haka. Legas ta daɗe tana zaman ranar Alhamis da Yarbanci. Me zai hana muhawarar kasafin kuɗi ta Sakkwato ta gudana da Hausa daga farko har ƙarshe, a sa ta kai tsaye a gidan rediyon Rima, mai shago a Kara da mai ban-ruwa a Kwalkwalawa su ji da kunnensu wa ya yi magana, wa ya yi gyangyaɗi? Doka ta ce su zauna aƙalla kwana 181 a shekara. A liƙa rajistar halarta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma mu ga wa ya cika. Na tabbata wata uku aka yi ana haka, wasu da kansu za su haƙura da neman zarcewa. Kuma tun 2018 an rage shekarun tsayawa takarar wannan kujera daga 30 zuwa 25, don haka matasan da suka iya tsara magana a Facebook suna da inda za su kai ta in da gaske suke. Mata kuwa, waɗanda layinsu ya fi namu tsawo ranar zaɓe, ko ɗaya babu a cikin talatin ɗin da aka rantsar a 2023. Majalisar da ke yin doka a kan haihuwa da karatun 'ya mace, ba wanda ya taɓa naƙuda a cikinta.

Kiranye yana cikin doka, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu kafin a je ga ƙuri'ar raba gardama, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 ya nuna yadda abin ke mutuwa tun a wajen tantance sa hannu. Don haka kada mu yaudari kanmu, wanda muka tura ya tafi ke nan sai bayan shekara huɗu. Damar tana nan kafin zaɓe, lokacin da mai nema ke zagaya unguwanni yana gaida mutane da hannu biyu, yana zama a kan tabarma, yana cin abin da aka ci. A lokacin ne ake iya tambayarsa, kuma a lokacin ne masu katin jam'iyya a mazaɓa za su iya cewa ba su yarda da ɗauki-ɗora ba, a yi ƙato bayan ƙato kowa ya ga layinsa.

Na gwada da kaina kwanan baya. Masu shirin 2027 sun fara motsi, wani daga cikinsu ya zo majalisarmu ta bayan la'asar, inda muke zama gindin dogon yaro kusa da mai shayi. Yaro ne mai ladabi, ya yi karatu, ya gaida kowa da sunansa. Ya yi maganar rijiyoyi, ya yi maganar tallafin mata da koya wa matasa sana'a. Da ya gama na ce masa, "Alhaji, tambaya ɗaya gare ni. Faɗa mini abu guda wanda in gwamnan jam'iyyarku ya aiko da shi majalisa za ka tashi ka ce ba ka yarda ba."

Ya yi dariya, ya dubi mutanen da suka rako shi, su ma suka yi dariya. Ya ce, "Haba Malam, ai ba a haka da uban gida. In mun shiga dai za ku gani."

Wani dattijo a gefena ya taɓa ni da gwiwar hannu, wai kada in kunyata baƙo. Da zai tashi ya kira mai shayi ya ƙirga masa kuɗi, ya ce a haɗa wa kowa da madara da burodi. Aka bi shi da addu'a har mota. Kofi goma sha huɗu aka haɗa, har da nawa, kuma na sha.